Kada Ki Auna Jinin Gidanku da Hannunki

Zuwa ga autata Nafisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa. Allah ya kai ki Korhogo lafiya, ya tsare ki a hanya, ya kama hannun direba, ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronsa. Allah ya sa wannan aikin labo, ɗakin awon jini, da kika samu ya zame miki alheri, ke da duk wanda jininsa zai biyo ta hannunki.

Dubi abin kunya. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki a gidan nan na Saint-Michel a unguwar Adjamé, amma sai da alƙalami da takarda zan yi miki magana. Mako uku ke nan, in na buɗe baki sai in ji na koma tambayarki ko kin sa bargo a akwati. Ni da duk Adjamé ta san bakina ba ya mutuwa! To, ga maganar, guda ɗaya ce: ki je a auna jininki kafin a ɗaura aurenki da Mustafa. Kin san dalili, na san kin sani, kuma ina ganin yadda kike kauce wa zancen. Saura wata huɗu biki, ba zan iya barinki ki hau mota ban faɗa ba.

Bari in ba ki labarin daga inda nake tsaye, don ke rabinsa kika gani.

Ranar da Karimu, ɗan yayanki, ya dawo daga makaranta yana ihu yana riƙe da ƙafafunsa, zazzaɓin sauro na zata. Da muka kai shi asibiti a unguwar Treichville aka kwantar da shi, kwana biyu bayan nan wata yarinya sa'arki mai farar riga ta miƙo mini takarda. Na karanta sau uku. SC. Amosanin jini, direpano, a jikin jikana. Na ce mata, "Ma fille, 'yata, kun musanya kwalabe. Ku koma ku sake." Ta ce a hankali, "Maman, sau biyu muka yi." Na ɗaga murya har masu jinya suka juyo. Na ce, "Ubansa ni na auna shi da hannuna! Shekara talatin da ɗaya na yi a wannan aiki, ke nawa kika yi?" Ba ta yi fushi ba. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Da wane gwaji kika auna shi?" Sai da Mariyama, uwar yaron, ta riƙe ni ta zaunar, ita da ya kamata a riƙe.

Ke kin san amsar, amma ina so in rubuta ta da hannuna. Tsohon gwajin da aka koya mana, shi na riƙe har na ajiye aiki bara: ɗigon jini, ɗigon magani, a rufe da ɗan gilashi, a jira, a leƙa madubin ganin ƙwayoyin jini. In ƙwayoyin sun lanƙwashe, akwai S. In ba su lanƙwashe ba, sai in ce lafiya lau. Ashe wannan gwajin S kaɗai yake gani. Wani nau'in kuma, C, na iya zama a jinin mutum, ka leƙa har idonka ya yi ruwa ba za ka gan shi ba, sai an sa jinin a na'urar elektroforez. Na san akwai C, an taɓa faɗa mana a makaranta, na ɗauke shi abu marar illa na manta da shi. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin S daga uwa da C daga uba za su haɗu su kwantar da yaro ba. Aka auna yayanki da na'ura, AC. Mariyama AS ce, wannan dama na sani. Ni ce na zauna gaban mahaifinta shekara bakwai da suka wuce na ce, "Alhaji, ka kwantar da hankalinka, ɗana ba shi da komai."

Har yanzu in na tuna sai in ji kamar labarin wata ake ba ni. Abin da ya fi girgiza ni kuwa, ilimin nan ya zo har ƙofata, ba sau ɗaya ba, ni na kore shi.

Kin tuna Madam Akisi, doguwar nan da take kawo mana aceke, dambun rogon nan, ranar sallah? Tare muka yi karatu. Tun muna sababbi a aiki ta shiga ƙungiyar ma'aikatan labo, masu taruwa Asabar ɗaya a wata su koya wa juna abin da ya canza a sana'a. Ta zo ɗan labo ɗinmu na bayan babban masallacin Treichville da takardar shiga, ta ce, "Hadja, viens, ko sau ɗaya ki zo ki ji." Na ce Asabar? Ranar suna da biki? Wa zai je mini barka a unguwar Bracodi? Na ce mata ina da ƙungiyata ta matan unguwa, ta ishe ni. A raina kuwa cewa nake, mutanen da ba su da aiki sai ɗinka anko da cin kaza da ɗaukar hoto.

Sau ɗaya dai na je don ta bar ni in huta. Na zauna can baya. Wani mutum ya dubi mayafina ya tambaye ni ko daga Yamai na zo. Ni da aka yanke wa cibiya a Treichville! Na ɗauki jakata na fita, na shekara ina ba da labarin a matsayin hujjata. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba sai ke ita ce, a labo ɗinmu ni ce mai sani. Likitan da yake da wurin tsoho ne, abin da na rubuta shi yake sa wa hannu. A zauren can kuwa, kafin mutumin nan ya yi magana, na riga na ji yara suna ambaton abubuwan da ban taɓa ji ba. Tsoro ne ya kama ni kada a tambaye ni, sai tambayarsa ta ba ni ƙofar fita.

Don haka makon da kika sauka, tun kafin ki nemi inda ake sayar da shinkafa mai kyau, ki nemi 'yan ƙungiyar da ke can ki rubuta sunanki. An ce ke kaɗai za ki kasance a kan tebur a wannan ƙaramin asibiti. Mutum ɗaya da madubi ɗaya, babu mai ce masa ya kauce, na san inda wannan yake kai mutum. Ki je taro ko da sau goma za a tambaye ki daga wace ƙasa kika fito. Ki amsa, ki zauna a gaba, ki yi tambayar da kike jin kunyarta. Suna da zaure a waya inda suke aika hoton abin da ya rikita su a madubi. Ki shiga, kuma kada ki tsaya a gaisuwar Juma'a kawai irin ta 'yan gidanmu.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, kuma sai makon jiya na san girmansa. Ƙungiyar tana da wata al'ada. Sukan ɗebi jini iri ɗaya su raba a kwalabe, su aika wa labo-labo ba tare da sun faɗi abin da ke ciki ba. Kowa ya auna ya mayar da amsa, sai a ga wanda hannunsa ya karkace a gyara masa. Ba a kiran sunan kowa a bainar jama'a, lamba ake sa wa. Akisi ta sa aka kawo mana, kwalba uku a ɗan akwatin ƙanƙara, ko da yake ni ba 'yar ƙungiya ba ce. Raina ya ɓaci. Na ce jarrabawa za a yi mini da furfurata? Na tura su ƙuryar firji, suka zauna har suka lalace, na zubar. Shekara ta zagayo aka sake kawowa, na sake zubarwa. Daga nan suka daina.

Da na je wurinta bayan ciwon Karimu, na tambaye ta me ke cikin kwalaben nan. Ta ce, "Ɗaya AC ce, ma sœur, 'yar'uwata. Da gangan muka sa, don mun lura ƙananan labo suna ce wa masu C ba su da komai. Duk wanda ya faɗi a kanta mun kira shi gefe mun yi masa bayani." Na tambaye ta wace shekara ce ta farko. Ta faɗa. Na ƙirga da yatsu a gabanta, na sake ƙirgawa. Shekara guda kafin auren yayanki ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Amsar tana cikin firjina, kusa da ruwan shana, ni na ɗauke ta na jefa a kwandon shara.

In irin waɗannan kwalabe suka zo miki, ki auna su ranar da suka zo, yadda za ki auna jinin mutumin da ke jira a bakin ƙofa. Kada ki kira ƙawarki ki tambaye ta abin da ta samu. In amsa ta dawo kin faɗi, za ki ji zafi, na san halinki, nawa ne. Ki ji zafin na kwana ɗaya, kashegari ki ɗauki waya ki ce su nuna miki inda kika kauce. Kwalba ce kika faɗi a kanta, babu uwar da za ta yi kuka.

Na uku kuma laifin namu ne mu Hausawan garin nan, ni ce dai na ɗauke shi a kai. Kin san mu da sirri. Ba wanda yake so a gan shi ya kai 'yarsa awon jini gab da biki, kada gobe zance ya kai kasuwa ya wuce har gida. Sai suka gano akwai tasu a labo. Bayan la'asar mace za ta shigo da 'yarta kamar gaisuwa ta kawo su, in ɗebi jinin a ɗakina, in kai labo in duba. Shi saurayin sai ya biyo ta ƙofar baya. Ba takarda, ba suna. Kashegari in muka haɗu wajen suna ko a bakin gbaka, motar haya, in matsa hannun uwar in ce, "Lafiya lau." Shi ke nan, a sa rana. Daga matan masu sayar da garba, aceke da soyayyen kifi, har matan manyan alhazai na Treichville, Lokotoro, wato likita, suke kirana. Ban taɓa gyara musu ba, don sunan yana mini daɗi.

Akisi ta nuna mini abin da ƙungiyarsu take koya wa kowane sabon shiga. Duk sakamako a rubuta shi, a rubuta da wane gwaji aka same shi, wani ya duba ya sa hannu. Kuma ma'aikaci ba ya auna na gidansa. Da na rubuta wa Alhaji, mahaifin Mariyama, cewa gwajin madubi ne aka yi, S kawai aka nema, da wata rana wani likita ya gani ya ce, to C fa? Maganar baki kuwa ba mai sake karanta ta. Sannan wanda ya leƙa jinin ɗansa, da addu'a yake leƙawa, abin da yake so shi yake nema. Ranar da na duba na yayanki, wallahi ko minti biyu ban yi a kan madubin ba na tashi ina hamdala.

Can ma akwai namu, kuma za su gano ki kafin ki gama kwance akwati. Za su zo da "ke tamu ce", da "a rufa mana asiri". Ki ba su ruwa, ki gaishe su da kyau, ki ce su zo da safe ta ƙofar da kowa yake shiga. Asirinsu yana kanki, wannan wajibi ne, amma a rubuce. Za su ce 'yar Hajiya ta yi girman kai. Su faɗa.

Na huɗu ke na yi wa, shi ya sa na bar shi ƙarshe.

Ranar da Mustafa ya kawo takardar awonsa daga Kano, ya ajiye a gabanmu ba tare da an tambaye shi ba, ya ce shi AS ne, yana so mu sani tun da wuri, na yaba masa. Na ce, "Ba komai, ɗana, Nafisa ba ta da komai, tun tana goye na auna ta." Bayan ya tafi kina kwashe kwanuka kika ce, kanki a ƙasa, "Maman, ya kamata dai in yi elektroforez. A makaranta an ce gwajin madubi bai isa ba." Kin tuna abin da na ce? Ni na tuna. Na ce, "Wato wata uku ya rage ki karɓi takarda har kin fara gyara wa uwarki? Kafin a haifi malaman naku nake leƙa madubi. Je ki, je ki a auna ki, duk duniya ta san hannuna ba shi da albarka." Kika ce, "Pardon, Maman." Ba ki sake tayar da zancen ba. Ni kuwa na ji daɗi, na ce na haifi mai biyayya.

Ke ce da gaskiya, ni ce na rufe miki baki. Ki yafe mini. Kuma daga yau, a kan abin da ya shafi jinin mutum, kada ki ƙara ce wa kowa pardon kina da gaskiya. Ko babban likita ne, ko mai furfura, ko ni. Ki faɗa da ladabi, amma ki faɗa, in an ƙi ji ki rubuta. In abin ya fi ƙarfinki, ki kira 'yan ƙungiya, don irin wannan ranar ake shiga.

Da na je gidan Akisi na shirya wa gori. Ta cancanci ta yi mini, shekara nawa tana bina. Ta saurare ni har na gama, ta kama hannuna ta ce, "Yako." Sannu ke nan, kin sani, amma ban taɓa jin nauyin kalmar ba sai ranar. Sannan ta ɗauko takarda ta ce, "Gida nawa kika auna?" Na fara lissafa mata, ina tunawa da wani ina manta wani. Ta kai maganar ga mutanenta. Mutanen da na kira masu cin kaza sun ware rana za su sake auna duk wanda na taɓa ce wa lafiya lau, kuma sun ce ba sai an ambaci sunana ba. Na ce a'a. Da bakina na faɗa, da ƙafata zan je in warware.

Na fara zagayen. Gida tara na shiga zuwa yanzu. Wata ta rufe ni da faɗa har maƙwabta suka leƙo, ban ga laifinta ba. Wata ta ce ƙaddara ce, ta kawo mini fura, na kasa sha. Wata ta kira ƙaramin ɗanta ta ɗora shi a cinya tana matsa masa gwiwoyi, ta ce, "Hajiya, shi ya sa yake yawan kuka da damina?" Ban san abin da na ce mata ba. Yayanki kuwa yana gaishe ni kullum, idonsa a kan takalminsa. Mariyama har yanzu durƙusawa take ta kawo mini abinci, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Karimu ya samu sauƙi, alhamdu lillahi, likitoci sun ce da kulawa zai yi rayuwarsa. Jiya ya ce in zo mu yi tsere.

Saura abu ɗaya da ban faɗa miki ba. C ɗin yayanki ba daga sama ya faɗo ba, ko daga babanku ne ko daga ni. Allah ya yafe mini, na so a ce daga marigayi ne, tunda shi ba ya nan balle a tambaye shi. Ranar Litinin na miƙa wa Akisi hannuna. Shekara talatin da ɗaya ina ɗibar jinin mutane, ban taɓa sa nawa a na'ura ba. Shekaranjiya ta kawo mini takarda da sa hannun mutum biyu. AC. Nawa ne, Nafisa. Ni na ba yayanki, kuma ban sani ba ko na ba ki. Ko kin ɗauka ko ba ki ɗauka ba, rabi da rabi ne, kin fi ni sanin lissafin.

Na san dalilin shirunki. Kina son yaron nan, kuma muddin ba a auna ba, maganar uwarki ce take tsaye. To, na janye ta. Lafiya lau ɗin da na ce a kanki ba ta da tushe, kada ki gina gida a kanta. Kada ki auna da kanki a ɓoye bayan an tashi aiki, na san za ki yi tunanin haka, don ni ma abin da zan yi ke nan. Ki miƙa hannunki ga wani abokin sana'a wanda bai san ki ba, bai san Mustafa ba, ya rubuta ya sa hannu. Abin da ya fito, ki kai wa Mustafa a rubuce, yadda ya kawo mana nasa.

In AA ce, ki kira ni in yi sujada. In AC ce, ku zauna da likita ku ji komai, ku yanke da idonku a buɗe. Ba zan ce ki aure shi ba, ba zan ce ki bar shi ba, na riga na yi magana a kan jinin mutane fiye da yadda ya kamata. Abin da zan iya shi ne in hau mota in zo in zauna kusa da ke.

Allah ya tsare mini ke a tafiya da zama. Allah ya tsare idonki da hannunki daga irin kuskurena, ya ba ki masu gaya miki gaskiya, ya ba ki kunnen jin ta. Tun da na haife ku nake roƙon ku gaje ni. Yau ina roƙon Allah ya sa wannan karon ba ki ɗauki komai daga gare ni ba. Amin.

Wassalam.

Mahaifiyarki.